Mun haska fim ɗinmu na makaranta, bakin 'yan kallo ya rabu: maganar wa za mu bi?

Ɗan Aji Huɗu:

Assalamu alaikum manyanmu. Mu shida muka yi fim na minti 18 don aikin kammala karatu, irin mai sa faɗuwar gaba. Wani mai adaidaita sahu ne fasinja ya mance waya a kekensa, sai saƙonni suka yi ta shigowa masu nuna ana shirin sace wani yaro. A ƙarshe a gano kawun yaron ne ya kitsa. Da muka haska wa 'yan ajinmu, wasu suka ce farkon ya yi ja, wasu suka ce tun minti biyar suka gano kawun, wasu kuma har aka tashi ba su san dalilinsa ba. Wurin kokawar cikin kango kuwa, inda muke son gaba ya faɗi, dariya aka kwashe da ita. Saura mako uku mu miƙa, kuma babu kuɗin komawa lokeshan. Ina mafita?

Mai Tace Hoto:

Wa alaikumus salam ƙanina. Haskawar ku ta farko ba za ta zama ma'auni ba. 'Yan ajinku sun ji labarin tun ana rubuta shi, sun kuma san wanda ya fito a kawu. Irin wannan fim sau ɗaya mutum yake amfani a matsayin ɗan gwaji, da ya san sirrin shi ke nan. Ku nemo kamar mutum 30 da ba su san komai a kai ba, daga wasu sassan, har da waɗanda ba ɗalibai ba. Ku raba su biyu, rabi yanzu, rabi ku adana sai bayan gyara.

Ranar haskawa kada darakta ya ce uffan kafin a fara, ko "ku yi haƙuri da sautin" kada ya faɗa. Ku fitar da fim ɗin da agogon lokaci yana tafiya a kusurwar hoto. Mutum biyu su zauna a gefe suna kallon fuskokin jama'a, suna rubuta mintin da wani ya zaro waya, ko aka fara raɗa, ko aka yi dariya. Wannan takardar ta fi abin da za su faɗa da baki gaskiya, domin mutanenmu akwai kara: wanda ya yi gyangyaɗi ma "Allah ya ƙara basira" zai ce muku.

Da an gama a raba takarda, ba suna, kowa ya cike kafin a buɗe baki. In aka fara da hira, duk inda mai baki ko babban cikinsu ya karkata nan saura za su bi. Kada ku tambayi "ya burge ka?". Ku ce ya ba da labarin a jimla uku. Wa ya fara zargi, kuma a wace fitowa? Me kawun yake nema? A ina hankalinsa ya bar fim ɗin? Wace magana ce bai ji ba, wane abu ne bai gani ba?

Ƙorafin mutum ɗaya ra'ayinsa ne. In uku ko huɗu suka nuna wuri guda ba tare da sun haɗa baki ba, akwai matsala a nan. Sai dai ɗan kallo kamar mara lafiya yake, ya san inda ke masa ciwo amma ba shi zai rubuta magani ba. In ya ce "ku sa waƙa a nan" ko "ku ƙara faɗa", abin da za ku ɗauka kawai shi ne wurin ya gundure shi.

Malamar Rubutu:

Na yarda da Malam. Abin da zan ƙara, ɗana, masu cewa sun gano kawun da wuri da masu cewa ba su san dalilinsa ba, ba saɓani suka yi ba. Galibi abu ɗaya ke haifar da biyun: kamara ta tona shi, labari kuma bai yi masa bayani ba. Ku duba fitowarsa ta farko. In kun matso da kamara fuskarsa yana wani kallo ta gefen ido, ko kun sa kiɗan tsoro daidai shigowarsa, kun riga kun rubuta masa "bos" a goshi. A cire kiɗan, a yi amfani da hoton nesa, a bar shi yana abin da kowane kawu zai yi. Dalilinsa kuwa, in bashi ne ko rikicin gado, na tabbata a baki ɗaya aka faɗe shi, sau ɗaya. Abin da ƙarshen fim ya dogara a kansa yana bukatar ya bayyana aƙalla sau biyu, ɗaya a ciki da ido za a gan shi.

Wannan ba ya bukatar lokeshan. Hoton fuskar waya, hannu yana ninke takardar bashi, kira yana shigowa ana katsewa, duk a ɗakin kwananku za ku ɗauke su da wayar da kuka yi aikin da ita, in dai hasken ya yi kama. Kowane saƙo ya daɗe a allo gwargwadon yadda mutum zai karanta shi a bayyane sau biyu, rubutun kuma ya yi girman da na kujerar baya zai gani.

Sannan gano mugu da wuri ba kullum ne aibi ba. Shahararren daraktan fim Alfred Hitchcock ya bambanta abu biyu da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba wanda ya sani, an razana na 'yan daƙiƙoƙi, in ɗan kallo ya ga an dasa shi, duk hirar da ake a teburin gabansa faɗuwa yake. To ku tambayi waɗanda suka gano kawun: bayan kun gano, kun ci gaba da jin tsoro? In akwai fitowar da mai adaidaita ya kai wa kawun wayar yana neman taimako, ni da zan ba ku shawara ku gwada tona shi da gangan wajen minti na shida. Sauya jerin fitowa ne kawai a kwamfuta.

Jan farko kuma, ku duba mintin da saƙon farko ya shigo. A fim na minti 18, in ya wuce minti na uku an makara. Wankin keke da gaishe-gaishen safe su ne na yankewa.

Mai Sauti:

Ni dariyar zan taɓa. Akwai ta wanda ya tsorata yana sauke numfashi, gajeriya ce kuma bayan abin take zuwa. Akwai ta raini, wadda ke farawa ana tsakiyar abin. In ta biyun ce, dubi abu uku. Ko kamara ta nuna tazarar da ke tsakanin hannu da fuska, ko ƙarar naushin ta makara, ko kun ɗauko irin ƙarar finafinan Indiya daga intanet. A firam 25 cikin daƙiƙa (firam shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo), makarar firam uku ma kunne yana kama ta. Yanke firam biyu daidai inda hannu zai sauka yana ƙara wa bugun nauyi. In 'yan wasan ba su iya ba, a rage kokawar zuwa rabi, a koma kan fuskar yaron, a bar nishi da jan ƙafa su yi aikin.

Kada kiɗa ya yi ta bugawa tun daga farko har ƙarshe, kunne yana sabawa. A ɗauke shi kafin abin razana, amma kada a bar wurin fayau, a shimfiɗa sautin wurin a ƙasa. In ba ku ɗauka ba, ku naɗi minti ɗaya a wuri mai kama da shi. Magana ta riƙa kai wa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na desibel, kiɗa ya sauka ƙasa sosai in ana magana. Layin da ba a ji ba a sake ɗora murya a ɗaki mai katifa da labule, fanka a kashe.

Ku kuma gwada a ɗakin da za a duba aikin. Majigi a aji mai tagogi yana wanke hoton dare, lasifikar waya kuma ba ta fitar da kaurin sauti. Kada ku tura gwaji ta WhatsApp, matse bidiyon da yake yi wuraren duhu ya fi lalatawa.

Ɗan Aji Huɗu:

Allah ya saka da alheri. Yaya za mu raba mako ukun?

Mai Tace Hoto:

Gwajin farko cikin kwana uku. Ku zaɓi gyara uku ko huɗu mafi girma, labari kafin ado, ku yi su a mako guda. Kowane gyara a sabon kwafi mai kwanan wata, manhajojin tace fim DaVinci Resolve da Premiere Pro duk suna ba da damar kwafe jerin aikin, don in sabon ya fi muni ku koma baya. Sai ku haska wa rukuni na biyu da tambayoyin nan dai ba canji, ku gwama takardun. Malamin da ke duba aikin ya gani a daidai nan, tun ana iya motsa abu. Saura mako ɗaya a rufe hoto, kada a ƙara ko a rage ko firam ɗaya, domin duk yankan da aka yi bayan haɗa sauti sai ya gusar da kiɗa da murya daga inda aka ajiye su. Kwana biyun ƙarshe na fitarwa ne da kallon fayil ɗin daga farko har ƙarshe a na'urar da za a haska shi.