"Zo mu zauna, zo mu saɓa": haƙuri ake ba mutum ko gargaɗi?

Ɗan Haya: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya rigima ta kaure a gidanmu kan kuɗin wuta. Mai ɗakin ƙofa yana da firji da dutsen guga, amma ya ce raba daidai za a yi da mu masu ƙwai ɗaya da fanka. Saura kaɗan a ci kwalar juna. Da mai unguwa ya zo bai ba kowa laifi ba, sai ya ce "zo mu zauna, zo mu saɓa", ya ja carbinsa ya tafi. To haƙuri ya ba ni, ko cewa ya yi in ci gaba da biya wa wani kuɗin ƙanƙara?

Bakatsiniya: Haƙuri ne mana. Harshe da haƙori ma suna saɓawa.

Goga: A'a Hajiya, gargaɗi ne. Kafin a zauna ake faɗinta, ga amarya ko ga masu shirin haɗa jari. Faɗinta bayan an gama dambe ai ihu ne bayan hari.

Digiri Ba Aiki: Ku bar mu da muka karanta soshiyoloji, wato nazarin zaman jama'a, abin da aka koyar da mu ke nan har muka fito. Wanda ya yaɗa sunan fannin ma bai tsira daga saɓani ba. Bafaranshe ne, Auguste Comte, sakataren wani masani mai suna Saint-Simon tun 1817, suka ɓata a 1824 kan wanda za a sa sunansa a rubutu. Da farko wani suna ya ba ilimin nasa, sai Quetelet ɗan Beljiyam ya yi amfani da shi a 1835. Comte ya ji haushi, wajen 1838 ya ɗauko "abokin zama" daga Latin, ya manna masa "nazari" daga Girkanci. Masana suka yi ta yi masa tsiya wai ya haɗa harsuna biyu a kalma ɗaya.

Goga: Wato sunan ma zaman doya da manja ne.

Almajirin Zaure: Ku 'yan boko komai sai ku kai shi Faransa. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya kira abin ilmul umran, har tarihin sarakunan Mali ya kawo a babban littafin da Muƙaddimar ta zama gabatarwarsa. Ya ce mutum ba ya iya noma da niƙa da gashi shi kaɗai, dole ya zauna da wasu, kuma in aka zauna hannun wani zai miƙa kan kayan wani, don haka dole a sami mai tsawatarwa. Larabawan yau ilmul ijtima'i suke cewa, mu kuma ilimin zamantakewa. Mai unguwarku dai rabin karatun ya karanto, ya bar rabin tsawatarwar.

Jikar Iya: Ku tsaya in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta. Ita da kishiyarta, da muke kira Inna, tun ina yarinya ban taɓa jin sun yi wa juna magana kai tsaye ba. Sai ta kan dabbobi. Iya ta raɗa wa akuyarta suna Kin Gaji, Inna ta sa wa kazarta Ina Nan. Da safe sai ka ji Iya tana ƙwala kira a tsakar gida, "Kin Gaji, fito ki ci dusa!" Inna ta watsa tsaba ta ce, "Ina Nan, ci ki ƙoshi, gidan mijinmu ne." Turmi ɗaya suke da shi, kowace ta gama daka sai ta kife shi ta ɓoye taɓarya a bayan rumbu. Amma duk haihuwar da Inna ta yi, Iya ce ke tashi da asuba ta dafa ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta aika mu da shi ta ce, "ku kai wa waccan." Da Inna ta rasu mutane suka zo gaisuwa, wata ta ce wa Iya yanzu kin huta. Iya ta kore ta daga gidan da muciya.

Bakatsiniya: Allahu Akbar! To Goga, gargaɗi ne wannan?

Goga: Ni tambayata, Malam maigidan yana ina duk wannan bidiri?

Jikar Iya: Yana zaure. In abin ya yi zafi sai ya ce zai je duba gona, ko da rani ne.

Mai Shayi: Irin shugabanninmu ke nan. Su nasu karin maganar daban ne: zo mu zauna, zo mu raba. Sai rabon ya ƙi daidai ka ji an sauya sheƙa "saboda talakawa".

Digiri Ba Aiki: Da rana su zagi juna a rediyo, da dare su haɗu a ɗaurin auren 'ya'yansu. Mu kuma mu ɓata da maƙwabta saboda taliya da atamfa.

Almajirin Zaure: Ibn Khaldun ya ce daula ba ta cika wuce tsara uku ba, kamar shekara 120.

Mai Shayi: Malam, namu wa'adi biyu ma da ƙyar muke kai wa da rai.

Ɗan Damagaram: Mu a Nijar saɓanin ma wasa muka mai da shi. Wasan taubasai da na ƙabilu, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bafillace da Babarbare su zagi juna son ransu, ba mai fushi.

Bazazzagi: Haka muke lallaɓa bayinmu Kanawa.

Goga: Ji wanda ya zo Kano da buhun barkono ya koma da buhun bashi. Jikar Iya, ita akuyar nan Kin Gaji, wa ya gaje ta?

Jikar Iya: An yanka ta a sunan autan Inna. Iya ce ta bayar, amma ta ce a mayar mata da fatar.