Dron: shirwa ce, buzuzu ne, ko mu bar shi da sunan da ya zo da shi?

Malamin Hausa, unguwar Zariya, Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Kalma guda nake nema. Abin nan da masu Faransanci ke kira dron, gidajen rediyo sun fi ce masa "jirgi maras matuƙi", wasu kuma "kurman jirgi". Na farkon gaɓa bakwai gare shi, kafin ka gama faɗa wa yaro ya gudu abin ya iso. Amma ba tsawon ne ya fi damuna ba, ƙaryar da ke ciki ce. Jirgin yana da matuƙi, sai dai yana zaune a ƙasa yana kallon allo, yatsansa a kan maɓalli. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri cikin jihar Kaduna, irin wannan jirgi na sojan Najeriya ya saki bam kan masu Mauludi, mutum 85 aƙalla suka rasu. Mutum ne ya gani, mutum ne ya ba da umarni. In mun ce babu matuƙi, wa za a tuhuma? Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, bai kamata mu riƙa aron sunan da ke wanke mai laifi ba.

Mai gyaran waya, babbar kasuwa: Malam, da girmanka, ku bar wahalar da kanku. Mota da talho da rezo duk aro ne, ba wanda ya mutu. Masu ɗaukar hoton biki a garin nan dron suke cewa, amare ma dron suke cewa. Ana kawo mini su gyara: farfela huɗu, kamera a ciki kamar idon kifi, batirin bai fi tafin hannu ba, yawanci na kamfanin DJI na China. In ya yi rabin awa a sama to ya gode Allah.

Tsohon soja, Tibiri: Ɗana mai gyara, abin da ke kan teburinka daban, abin da Malam ya kawo misalinsa daban. Iri biyu ne, kuma wanda ya haɗa su a suna guda zai ruɗa mutane. Akwai babba mai fukafukai, irin Bayraktar TB2 na Turkiyya da Nijar ta karɓa a 2022, ko MQ-9 da Amurkawa suka riƙa tayarwa daga sansaninsu na Agadas kafin su fice a 2024. TB2 yana iya kwana da yini a sama bai sauka ba, daga can ƙoli yake kallo, yana ganin ɗumin jikin mutum cikin dare. Wannan sai gwamnati. Ƙaramin kuwa kowa na iya saye, kuma masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina da yankin tafkin Cadi sun riga sun koyi ɗaura masa gurneti.

Hajiya, Madarunfa: Mu nan duk abin da ya bi ta sama jirgi ne. A Fabrairun 2022 jirgin sojan Najeriya ya yi ɓarin wuta a Nacade, nan cikin yankinmu, gwamnan Maraɗi da bakinsa ya ce yara bakwai sun rasu, biyar sun jikkata. Tun daga nan ko ƙarar me aka ji sai uwa ta fara ƙirga 'ya'yanta. Malam, ni shirwa zan ce. Tana shawagi ba ta gajiya, tana gani daga nesa, sai ta zaɓa sannan ta sauko. Kaza mai 'ya'ya ai ita ke gudun shirwa. Kurman jirgi kuma don Allah a bar shi, kurame me suka yi mana? Abin ma ai ba kunne ne aikinsa ba, ido ne.

Mai gyaran waya: Hajiya, in aka yi ihun "shirwa!" a ƙauye, kan 'yan tsaki za a ruga, ba ɗaki ba.

Tsohon soja: Ya yi gaskiya, amma hakan bai ɓata shawarar Hajiya ba, don babban ba a yi masa ihu. Sau da yawa ba ka ganinsa, ba ka jinsa. Kariyar talaka daga gare shi tun kafin ya tashi ake yin ta: in za a yi taron dare, Mauludi ko biki ko jana'iza, musamman kusa da dajin Baban Rafi ko bakin iyaka wajen Ɗan Isa, mai gari ya sanar da jandarma da soja, a san da zaman taron. In kuma aka yi kuskure, a yi bincike a faɗi wanda ya ba da umarni. Ƙaramin ne ake ji, shi ke buƙatar sunan ihu. Kuma in ka gan shi, mai tuƙa shi ba nisa yake ba, 'yan kilomita ne.

Ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Baba, to ga nawa: buzuzu. Ku faɗe shi da ƙarfi ku ji, ƙarar farfelar ce sak. Gajere ne, yaro ɗan shekara uku zai riƙe, kuma ba wanda zai ruga ceton kaza. Na so in ce zanzaro ko rina saboda harbi, amma ba kowane ne ke ɗauke da bam ba, wani leƙe kawai ya zo, ƙarar ce suka haɗa duka.

Kan kariya, a yaƙin Yukren an fi ganin yadda abin yake. Da farko na'urar toshe rezo ce maganinsa: a katse magana tsakanin jirgin da mai tuƙi, sai ya ruɗe ko ya faɗi. Sai aka koma ɗaura masa siririn zaren gilashi da yake warwarewa a bayansa tsawon kilomitoci, saƙon na bi ta cikin zaren, toshe rezo bai taɓa shi. Yanzu har raga ake shimfiɗawa a saman hanyoyi, wasu da ragar kamun kifi, sojoji kuma na yawo da bindigar farauta mai watsa harsashi. Mutanen birnin Kherson na Yukren, farar hula, a kan keke da ƙofar gida ake bin su da buzuzun.

Hajiya: 'Yata, mu da ba mu da raga fa?

Tsohon soja: A watse, kada a dunƙule. A shiga ƙarƙashin rufin soro ko inuwar itace mai duhu, a bar fili, a bar kusa da mota da babur. In ya fashe, kada a taru nan take a wurin, don akan dawo karo na biyu. Wanda ya faɗo ƙasa kuma kada yaro ya taɓa, ko da ya yi kama da abin wasa, a kira hukuma.

Malamin Hausa: Madalla, na samu fiye da abin da na roƙa. Ga yadda zan riƙa rubutawa. Sunan gaba ɗaya a labarai da takardu: jirgin tuƙin nesa, don matuƙin ya dawo cikin magana. Babban na gwamnati: shirwar ƙarfe, ƙarin "ƙarfe" ya raba ta da ta kaji, jam'i shirwoyin ƙarfe. Ƙaramin mai farfela huɗu: buzuzu, shi ne kuma na ihu. Masu aiki a rediyon Anfani da Saraounia, in kuna nan, ku gwada su a iska mu ji yadda za su zauna a kunne.

Mai gyaran waya: Na yarda da buzuzu in na dawa ne. Na biki dai dron ne, Malam, ba amaryar da za ta biya kuɗin buzuzu.