Haɗa farantan sola mabambanta don cajin mota a gida

Mai tambaya daga Jidda: Assalamu alaikum. Akwai tsofaffin farantai shida masu wat 330 a kan rufi, an ƙaro takwas masu wat 550. Za a iya haɗe su a layi ɗaya su ciyar da cajar motar lantarki?

Mai wayarin, Makka: Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka sarƙa su a layi ɗaya. A haɗin siris, wato jera su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi ƙarancin amfiya shi ke jan ragamar kowa. Mai 330 yana ba da wajen amfiya 9, mai 550 kuwa wajen 13. Ka haɗa su, babban ya dawo 9 sau bolt 41, wato wat 370 ke nan. Ka sayi doki ka ɗaure shi da jaki. Nemi inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin ta gida) mai ƙofar MPPT biyu, wato mashigar da ke daidaita wutar kowane layi dabam, kowane iri da tasa ƙofar.

Injiniya a Riyad: Haka ne, amma a duba lambobi biyu a jikin inbatar. Shida sau bolt 37 ya kama 222, kuma da azahar a watan Yuli, in zafin farantan ya kai digiri 65, bolt ɗin layin yakan sauko ƙasa da 200. In bolt ɗin da inbatar ke buƙata don ta ci gaba da aiki ya haura haka, wannan layin barci zai yi ta yi. Sannan tsofaffin inbatoci da yawa ba sa karɓar amfiya 13 a ƙofa ɗaya, sai su yanke rarar. A tabbatar kuma tana aiki a 60Hz, wato saurin juyawar wutar gari, don wutar ƙasar nan ba irin ta gida Najeriya ba ce.

Mai tambaya: To faralel fa, Malam, wato a haɗa layukan biyu gefe da gefe a ƙofa ɗaya?

Injiniya a Riyad: Sai bolt ɗin layukan ya zo kusan ɗaya. Shida da takwas ba su ma kama hanya ba.

Wata 'yar'uwa a Madina: Yaya, lissafin cajar ma ya rage. Jimillarku kilowat 6.4 ne a takarda, zafi da ƙura za su ci nasu kason, caja mai amfiya 32 kuwa 7.4 take ja. A rage ta zuwa 16, wato wajen kilowat 3.7. Ba ta sauka ƙasa da amfiya 6, don haka in rana ta gaza ba da kilowat 1.4, ko ta jawo daga layin gari ko ta tsaya.

Mai wayarin, Makka: Abin da ya fi ƙonewa shi ne mahaɗin MC4, wato filogin da ke haɗa wayoyin farantai. Na kamfanoni biyu sukan shiga juna kamar sun dace, alhali a ciki sako-sako ne, sai robar ta yi baƙi ta narke. A yanke, a matse sabon biyu iri ɗaya. Wayar caja mai kaurin murabba'in milimita 6, in da nisa a sa mai 10. Kafin a jona da layin gari kuma, sai da izinin kamfanin wuta.