Me ya hana furosesa ba da wuta a rana?

Assalamu alaikum, masana harkar lantarki.

Tunda da silikon ake yin farantin sola, da shi kuma ake yin cif ɗin kwamfuta, na ce bari in gwada ko silikon ɗin kayan lantarki zai ba da wuta a rana. Na yanke murfin tiransista 2N3055 (ƙaramin kayan lantarki mai silikon a ciki), na shanya ta da rana tsaka. Mitar auna wuta ta nuna kusan bolt 0.5, amma ko ɗan kwan LED tiransistar ba ta kunna ba.

Sai na ɓare murfin tsohuwar furosesa, wato babban cif ɗin kwamfuta, na bi ƙafafunta bibbiyu da mita. Shiru kake ji. Na goge ƙafafun, na sauya mita, duk ɗaya.

Don Allah, ginin cikin furosesa ne ke hana hasken rana ya zama wuta, ko akwai ƙafafun da ya kamata in auna?