Naman sa irin na Burgundi ba tare da giya ba: me ake sakawa a madadinta?

Maman Iman:
Assalamu alaikum. Girkin nan na yankin Burgundi a Faransa, boeuf bourguignon, da jar giya ake dafa shi. In an maye gurbinta da ruwan inabi na kwali sai romon ya fita da zaƙi kamar an zuba sukari, naman kuma ya yi tauri. Ina kuskuren yake? Kuma gaskiya ne wai wuta tana ƙone barasar gaba ɗaya?

Mai Tukunya:
Wa alaikumus salam, Maman Iman. A'a, ba ta ƙonewa duka, ko bayan awa biyu a kan wuta akwai ɗan saura. Saboda haka barin ta shi ne daidai.

Abin da jar giyar Burgundi, wato Pinot noir, ke ba girkin abu uku ne: tsami, ɗan bauri daga ɓawon inabi, da launi. Sukari kuwa babu shi, yis ya cinye shi tun a ganga. Ruwan inabi yana ɗauke da sukari fiye da giram 150 a kowace lita, in ya tsotse a wuta sai zaƙin ya ninku. Ga ma'aunin kilo ɗaya na nama: ruwan inabi ja mililita 200 kawai, romon ƙashin sa rabin lita, tumatirin gwangwani cokali ɗaya, sai abu mai tsami cokali uku.

Taurin kuma daga zaɓin nama ne. Ki nemi paleron ko joue wurin mahauci, wato kafaɗa ko kunci, masu jijiya a ciki. Ki yanka manya-manya, ki tsane su da kyau, ki soya kashi-kashi a tukunyar ƙarfe har su yi ja. In kika cika tukunya nama zai fitar da ruwa, ya dahu maimakon ya soyu. Sai albasa biyu, karas biyu, tafarnuwa, fulawa cokali biyu, tayim da ganyen laurier (bay leaf). Ki zuba ruwan inabin, romon da sauran abin da na lissafa a sama, ki rufe, awa uku a obin kan digiri 150. Kada ya tafasa da ƙarfi, ya riƙa ɗan motsi kawai.

Baban Sadiya:
Abu mai tsamin da Mai Tukunya ta ambata, mafi dacewa shi ne verjus, wato ruwan ɗanyen inabi, kuma ɗan gida ne a Burgundi. Wajen watan Yuli zuwa Agusta wasu manoman inabi suna rage nonnan da suka yi wa kurangar yawa, don sauran su nuna da kyau kafin girbin Satumba. Waɗannan ɗanyun 'ya'yan ake matsewa, ba a barin su su zama giya. Tsaminsa ya fi na lemun tsami laushi, ba ya kuma huda hanci. Da shi aka yi suna wajen haɗa mustad ɗin Dijon, babban birnin Burgundi. Amma ki duba rubutun jikin kwalbar mustad kafin ki saya, wasu na yanzu da farar giya ake haɗa su.

Rabin verjus ɗin ki zuba da farko, ki kankare abin da ya kama gindin tukunya da shi, rabi kuma a ƙarshe bayan kin ɗanɗana.

Ummu Hanif:
Ƙari kaɗan. Ainihin girkin akwai lardons a ciki, kuma naman alade ne. Ki sa ƙyafaffen naman sa ko na agwagwa, giram 150, don ƙamshin hayaƙin. Laimar kwaɗi da ƙananan albasa a soya su daban da man shanu, a zuba saura minti 20, in ba haka ba, sai su narke.

In verjus ya yi wuyar samu, zoɓo yana yi, ana samun sa a shagunan 'yan Afirka da sunan bissap. Ɗan tafi ɗaya a kofin ruwan zafi, minti goma, ki tace. Yana ba da ja, da tsami, har da baurin. Kada dai ki wuce haka, zai danne ɗanɗanon naman. Ki dafa yau ki ci gobe da dafaffen dankali, romon ya fi kama jikinsa in ya kwana.