Neman shawara: ɗan rak na biyu ko dogon ɗan gaba?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Kamar yadda wasunku suka sani, karatu ne ya kawo ni Melbon, kuma ban san komai game da ƙwallon Ostireliya ba sai da ɗana ya shiga Auskick, wato shirin koya wa yara ƙanana wasan, a unguwarmu da ke yammacin gari. Daga rakiya na koma mai kai wa 'yan wasa ruwa, daga nan mai kula da allon maki, har aka sa ni cikin kwamitin da ke tsara jerin 'yan wasan babbar tawagar kulob ɗin. Mutanen nan sun karɓe ni hannu bibbiyu, shi ya sa ba na son in ba su kunya.

Tsarin makin da ke taƙaita ɗauko 'yan wasa daga waje ya bar mana gurbin mutum ɗaya tak. Ɗan rak ɗinmu, wato dogon da ke tsalle ya doko wa 'yan tsakiya ƙwallo idan alƙali ya jefa ta sama, ya daɗe yana yi wa kulob hidima, amma gwiwarsa ta fara gajiya, da an shiga zango na huɗu, wato na ƙarshe, sai ka ga yana jan ƙafa. A gaba muna da dogo ɗaya, sai wani matashi da ya fi kowa iya cafe ƙwallo a sama. Mutum biyu ne ke son zuwa wurinmu, ɗaya ɗan rak ne tsantsa, ɗayan kuma dogon ɗan gaba. Kociya yana son ɗan gaban, ni kuma zuciyata ta karkata ga ɗan rak, ga shi za a fara kaka a watan Afrilu. Wanne za mu ɗauka?

Alhaji na Sidni: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ba abin da za a tsaya dogon tunani a kansa ba ne, ku ɗauki ɗan gaba. A 2017 ƙungiyar Richmond ta ci kofin AFL, babbar gasar ƙasar, da ɗan rak ɗaya, Toby Nankervis, kuma idan ya fita hutawa Shaun Grigg ne ke tsaya masa, alhali shi ɗan tsakiya ne. Sun doke Adelaide da maki 48. Ka dubi kuma abin da ya samu Melbourne Demons a 2023: sun ɗauko Brodie Grundy daga Collingwood suka haɗa shi da Max Gawn, 'yan rak biyu da babu kamarsu, amma kafin kakar ta ƙare an mayar da Grundy ƙaramar tawaga ya koyi wasan gaba, a ƙarshen shekara ya koma Sydney Swans. Dalili shi ne mutum ɗaya ne ke tsalle a kowace jefawa, na biyun kuwa idan bai iya cafe ƙwallo a gaba ba, ya zama kaya. Doke ƙwallo a sama ba ya shiga allon maki, gol ne ke kawo maki shida.

Ɗan Damagaram: Alhaji, da girmamawa, misalan da ka zaɓo rabin labari ne. Melbourne ɗin nan ta ci kofin 2021 da Gawn da Luke Jackson, kuma Jackson ne ke tsalle a tsakiya a ƙarshen zango na uku na wasan ƙarshe lokacin da suka juye wasan a kan Western Bulldogs. Collingwood ta ci na 2023 da Darcy Cameron da Mason Cox. Richmond kanta ta sa Nankervis da Ivan Soldo a wasan ƙarshe na 2019. Abin tambaya shi ne me dogon na biyu yake yi a lokacin da ba ya rak. Baban Hanifa, ba ka gaya mana ba: mutum nawa ake bar muku a benci, yaya girman filinku, kuma shi ɗan rak ɗin da ke son zuwa ya taɓa wasa a gaba? A filayen unguwa, watan Yuni da Yuli taɓo ne har idon sawu, wasa yana yawan tsayawa ana jefa ƙwallo, ga ta da santsi a hannu. A irin wannan yanayi ƙaƙƙarfan ɗan rak ya fi mai jiran ƙwallo a gaba amfani.

Baban Hanifa: Na gode Alhaji, na gode ɗan'uwa. Sai dai ku fahimta, ni ne nake ganin bawan Allahn nan a ɗakin sauya kaya, ya ɗaure ƙanƙara a gwiwa, ba ya iya sunkuyawa ya kwance igiyar takalminsa. Na yi masa alkawarin nema masa mataimaki, kuma ban ga laifin wannan alkawari ba.

Maman Sadik: Ni matashin da aka ambata ne ya tsaya mini a rai, domin na san a kansa abin zai ƙare. Haka aka yi wa ɗana a wani kulob: saboda ya fi sa'o'insa tsawo aka jefa shi rak tun jikinsa bai yi ƙwari ba, kullum ya dawo gida da shatin gwiwar mutane a haƙarƙari, ba wanda ya tsaya ya koya masa bugun gol. Da sauran yaran suka kamo shi a tsawo sai aka ajiye shi a benci, har ya bar wasan gaba ɗaya. Na yi magana, kociyan ya ce haka wasan yake. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Alhaji na Sidni: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, amma a nan babbar tawaga ake magana. Ƙanena, alkawari ba ya tsara tawaga. Ɗan gaban da za ku ɗauka shi zai karɓi rak a yankinsa, dattijonku ya huta daga gudu zuwa can. Haka Geelong ta yi a 2022: Tom Hawkins, ɗan gaba, daga tsallen rak ya ƙwaci ƙwallo ya ci gol biyun farko na wasan ƙarshe, suka lallasa Sydney da maki 81. A 2018 ma Grundy, yana Collingwood, ya mamaye tsalle a wasan ƙarshe, amma West Coast ce ta ɗauki kofin, da Josh Kennedy da Jack Darling a gabanta. Ni ma irin wannan gardama ce ta raba ni da kwamitin kulob ɗin da na taɓa yi wa hidima. Suka ƙi jin maganata, suka tara dogaye marasa gudu, ƙwallo ta riƙa fita daga yankinsu na gaba kamar ruwa a kwando.

Ɗan Damagaram: Alhaji, ai West Coast ɗin ta 2018 'yan rak biyu ta sa a wasan, Scott Lycett da Nathan Vardy, bayan Nic Naitanui ya samu rauni a gwiwa. A 2024 kuma Oscar McInerney na Brisbane ya goce a kafaɗa mako ɗaya kafin wasan ƙarshe, da ba su da Darcy Fort a ajiye da sun shiga uku. Idan gwiwar dattijon ta ƙi a tsakiyar kaka, wa zai yi tsallen?

Alhaji na Sidni: Ajiye mutum a jeri daban, sa shi a fili daban, kuma su Baban Hanifa ba su da gurbin ajiya. Na faɗi tawa.

Baban Hanifa: Duk na karanta, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allahu matashin ba zai yi rak ba muddin ina kwamitin, kuma wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake son ɗan rak na biyu. Alhaji, mu ba mu da Hawkins, 'yan wasanmu daga wurin aiki suke zuwa atisaye da yamma. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, kuma kociya yana nan a kan bakansa.

Ɗan Damagaram: Har yanzu ba ka amsa mini ba, Baban Hanifa. Shi ɗan rak ɗin da kake so, ya iya cafe ƙwallo a gaba ko bai iya ba?