A taya ni nema: wace kalma za mu ba wannan abu na majalisu?

Jama'a salamu alaikum. Akwai abin da Turawa ke kira parliamentary diplomacy, wato 'yan majalisar ƙasashe daban-daban su riƙa haɗuwa suna tattauna harkar mulki da daidaito tsakanin maza da mata, ba tare da sun bi ta hannun ministan harkokin waje ba. A labarai ana cewa "diflomasiyyar majalisa", ni dai ba ta kwanta min ba, tsohuwa a ƙauye ta ji wannan me za ta gane?

Abin kuma ba sabo ba ne fa. Tun 1889 aka kafa IPU, wato ƙungiyar majalisun dokokin ƙasashen duniya, mai hedikwata a Geneva, ɗan majalisar Ingila William Randal Cremer da na Faransa Frédéric Passy su suka assasa ta. Ga majalisar Afirka a garin Midrand na Afirka ta Kudu tun 2004, kowace ƙasa na tura wakilai 5 kuma dole a samu mace ko da ɗaya ce a ciki, ga ta ECOWAS a Abuja.

Wani malami a nan ya kawo "jakadancin majalisu". Allah ya gafarta malam, kalmar ta yi daɗin baki amma jakada ai saƙon mai mulki yake kaiwa, abin da aka ce ya faɗa shi zai faɗa, su kuwa waɗannan har da 'yan adawa ake tafiya, wani ma yana isa can zai fara caccakar gwamnatinsa, kuma ba sa sa hannu a yarjejeniya da sunan ƙasa. To jakadan wa kenan?

"Hulɗa" ta yi faɗi, har ciniki hulɗa ne. "Ƙawance" kuma sai ka ga kamar an haɗa kai ne don a yaƙi wani.

Ni nawa zaɓin "zumuncin majalisu". Hajiya ta ce a'a, wai da an ce zumunci mutane za su ɗauka yawon shan shayi ne da karɓar alawus, dama zargin da ake musu kenan. Gaskiya Hajiya kin taɓo wajen, an ce zumunci a ƙafa yake, su kam nasu a jirgi yake, lol. Amma ki duba, zumunci ai yana da hakki. IPU na da kwamiti tun 1976 da ke bin kadin ɗan majalisar da aka ɗaure ko aka ɓatar saboda bakinsa, sannan tawagar da ta zo maza zalla ko mata zalla rage mata ƙuri'u ake yi. Ba wanda ke da ikon tilasta wa wata ƙasa, sai dai a ja kunne a kunyata ka gaban 'yan uwa, to wannan in ba zumunci ba mene ne?

A takardar ofis a bar diflomasiyya, ban hana ba. A rediyo da bakin mutane zumuncin majalisu zan riƙa cewa, sai in wani ya kawo wadda ta fi ta.